Mai Duba Haƙoran Littafi

A wani shagon intanet na unguwar Mardjandafak wata mace tana zaune, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Mai shagon yana kiranta Luba. Ta buɗe littattafan jagora biyu na masu rubuta manhajar zane a kwamfuta, ɗaya cike da hotuna masu sheƙi, ɗayan rubutu zalla. A tsakaninsu allon aikinta baƙi ƙirin, alwatikar da take son zanawa ta ƙi fitowa.

Ba ta bi ta kan shafin farko. Kai tsaye take gangarawa inda aka yi bayanin kurakurai, yadda dillalan shanu na Farcha ke buɗe bakin sa su duba haƙori kafin su yaba ƙaho. Wataƙila a irin gidajensu ta tashi.

"Ƙanwata, bi mai hotunan mana, yanzu za a ɗauke wuta," in ji mai shagon.

"Yaya, kwalliya ce kawai. Bai ce uffan ba a kan ranar da allo ya yi baƙi."

Ta rufe mai hotunan, ta bi ɗayan ta gyara layi guda a manhajar. Jar alwatika ta bayyana, kanta a ƙasa. Luba ta ƙara jawo kujera.