Goron da Kawu Ya Miƙa da Hagu

Shekara biyu na yi ina zana mutanen wasan waya a wani ɗaki da ke saman shagon taya a unguwar Atonsu, cikin Kumasi. Mu biyar ne, da fanka ɗaya mai kuka, da oganmu wanda ya yi kwas na wata tara a Turai ya dawo yana magana ta hanci. A Alabar, cikin Zango, aka yanke masa cibiya, har yau kakarsa tana sayar da koko a bakin masallaci, amma in ya ce "Zango" sai ka rantse sunan wata cuta ya ambata. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma ke hawo motar haya, wato trotro, daga Zango kowace safiya, don haka duk abin da ya shafi unguwarmu ni ake juyowa a kalla.

Wasan da muke haɗawa na wani ɗan dako ne da ke ratsa kasuwa a guje da kaya a ka. A hanya yana haɗuwa da mutanen da ke ba shi abin da zai ƙara masa ƙarfi. Aikina shi ne in ƙirƙiro mutanen nan: fuska, sutura, tafiya, da halin kowa. Da aka zo kan mutumin Zango, oga ya miƙo mini takarda. Ƙato yake so, mai jan ido, da layu a damtse da adda a ƙugu. Iyakar abin da ya sani ke nan game da inda aka haife shi, kuma ko kunya bai ji ba. Na ce masa ni tsoho mai goro zan zana. Bai yarda ba sai da ya tuna wani Bature ya taɓa gaya masa cewa wasa mai ƙanshin gida ya fi karɓuwa.

Tsohon da ke raina kawuna ne, yayan mahaifiyata. Tun kafin a haife ni yake fataucin goro, kuma a Zango in ana son wanda zai kai goron neman aure ko ya shiga tsakanin 'yan'uwan da suka ɓata, shi ake tasowa. Ba ya son hoto. Sai da ya tambayi malaminsa, ya yi kwana uku yana jujjuya maganar, sannan ya ce don ni 'yar ƙanwarsa ce ya amince, amma kada in sa shi rawa.

Mako uku ina zama a rumfarsa da littafin zane. Na kalli yadda yake kwance huhu, ya ɗaga ganye, ya yayyafa ruwa, ya tsince masu sankara ya ware gefe. Na zana hularsa da ke ɗan karkata, da tabon sallah a goshinsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne miƙa goro. Kawu ba ya miƙa wa mutum abu a tsaitsaye. Yakan ɗan sunkuya, ya miƙa da dama, ya tallafi wuyan hannun da hagu, ko da mai sayen almajirin kafinta ne da ya zo sayen ƙwaya ɗaya. Zane goma sha biyu na yi wa wannan motsi kaɗai. Da na haɗa su a kwamfuta tsohon ya motsa, sai da idona ya ciko. Kawu ne sak.

To ɗan dakon cikin wasa yakan ɓullo ta dama, yakan kuma ɓullo ta hagu, dole tsohon ya juya ya fuskance shi. Masu wannan sana'a suna da dabarar lalaci: maimakon a sake sabon zane, sai a juya hoton kamar a madubi. Haka mai haɗa mana wasan ya yi. Da na gwada a wayata, ɗan dako ya ɓullo ta ɗaya gefen, sai ga kawu ya sunkuya cikin ladabi, ya tallafe hannunsa, ya miƙa goro da hagu.

A Kumasi ba sai Musulmi ba, ko yaron trotro ba zai miƙa maka canji da hagu ba sai ya ba ka haƙuri. Na je wa oga da wayar, na ce ya ba ni kwana biyar in zana ɗaya gefen. Yana tauna biskit, bai ko ɗago ba.

"Sista, gem ne kawai. Wa zai duba hannu? Chale, mu ba mu da taim."

Ranar Juma'a za a saki wasan, ya riga ya gayyaci abokansa masu gajeren wando da tabarau, ya yi odar jalof. Na ce fuskar mutum ce mai rai, kuma kowa a unguwa zai gane shi. Ya ce ai wannan talla ce kyauta, a Turai ma akwai bahagwai, za a gyara a sabuntawa ta gaba. Na raina shi a ranar, raini irin wanda ba ya wankuwa. Amma na koma kujerata na zauna, domin ina son aikin, ina kuma son in ga sunana a ƙarshen wasan. Na lallashi kaina da cewa tsofaffi ba sa wasan waya.

Su ba sa yi, amma jikokinsu suna yi. Kafin mako ya zagayo, wasan ya shiga kowane gidan haya a Zango, don kowa na son ganin Alhajin goro a waya. Samarin da ke zaman benci suka gano cewa in ka bi ta bayan motar doya a cikin wasan, tsohon zai ba ka da hagu. Suka ɗauki bidiyon wurin, suka tura wa juna. Mahauta suka fara kiransa Alhaji Bahago in ya juya baya. Wani abokin hamayyarsa a sana'a, mutumin da ko gaisuwa bai iya ba, ya kai wayar har ƙofar masallaci bayan La'asar yana nuna wa dattawa. Na ji an ce da wani gida za su kai goron aure a watan, uwar yaron ta ce a nemi wani dattijon, kada dangin amarya su yi musu dariya.

Oga kuwa murna yake yi, wai mutane suna magana. Sabuntawar da ya yi alkawari ba ta zo ba. Hankalinsa ya riga ya koma kan wani wasan aljanu masu bindiga. Na zana gefen da ya dace a gida, na kai masa, ya ce in ajiye. Na tambayi mai haɗa wasan a ɓoye, ya ce ko da an gyara, wanda ya riga ya sauka a wayoyin mutane yana nan, bare wanda aka ɗauka aka yi ta turawa.

Kwana goma na yi ina kauce wa layin rumfar kawu, har mahaifiyata ta ce in ban je ba kada in ƙara ci mata tuwo. Na same shi shi kaɗai, huhu a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi aiki. Na fara yi masa bayanin madubi da kwamfuta, ina ji da kunnena yadda maganar ba ta da kan gado. Ya bar ni na gama.

"Ni ban san wannan ba," ya ce. "Mako uku kina zaune a nan. Kin taɓa ganin na ba wani abu da hagu?"

Na ce a'a.

"To ki ce musu su cire ni. Gobe za su iya?"

Yana kallona yana jira, irin kallon wanda bai taɓa tunanin zan yi masa ƙarya ba.

Na ce, "Za su iya, Kawu."