Azumi Mai Waƙar Ƙwarya

A wani ƙauyen Maguzawa kusa da Saulawa aka haifi Azumi. Tun tana budurwa ita ke ba da waƙa in mata sun taru daka, sauran suna amshi. Ta auri Gambo, manomin dawa da gyaɗa, kuma tare suka karɓi Almasihu a shekarar da ƙasa ta sami mulkin kai. Majami'arsu ɗakin jinka ce, masu zuwa ba su kai talatin ba, biyu kawai suka iya karatu.

Azumi ba ta cikin biyun. In an karanta aya ranar Lahadi sai ta riƙe ta da ka, ta yi ta juya ta a bakin dutsen niƙa, kafin mako ya zagayo ta ɗora ta a kan muryar waƙar daka. Ta kifa ƙwarya tana kaɗawa, matan su koya, su tafi da ita rijiya da gona.

Bayan shekara huɗu aka turo musu sabon mai bishara, Malam Ahmadu, da littattafan waƙoƙi a jakarsa. Mutum ne mai himma, amma da ya ji kiɗan ƙwarya ransa ya ɓaci. Ya ce da irin wannan kiɗan ake kiran iskoki a wajen bori, daga yau waƙar littafi kaɗai za a rera.

Azumi ta miƙe a gaban jama'a. "Malam, waƙar littafinka ina sonta, zan kuma koya. Amma tsofaffin nan ba su san ko baƙi ɗaya na karatu ba. Muryar nan Allah ne ya ba ni, ba iskoki ba, kuma shi zan mayar wa."

Aka sa ta horo, aka hana ta ba da waƙa. Gambo ya roƙe ta ta ba da haƙuri a wuce wurin, ta ce ba ta zagi kowa ba. Kowace Lahadi takan zauna a baya har a tashi, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi gindin ɗorawar da ke bakin hanya ta yi waƙarta a can. Makon farko mata uku suka bi ta. Kafin kaka, har mazan kan tsaya nesa kaɗan suna amshi ƙasa-ƙasa.

Da fasto, shugaban Malam Ahmadu, ya zo gwada masu neman baftisma, ya tambayi wata tsohuwa, Adama, dalilin mutuwar Yesu. Ta daburce. Can sai ta rufe ido ta rera amsar, tun daga kamu har tashi daga kabari, ba ta tsallake komai ba. Fasto ya tambayi wanda ya koya mata, aka nuna masa Azumi.

Ya ɗage horon, ya ce a rera waƙoƙinta a sujada, amma ƙwarya ta tsaya a waje. Azumi ta yi godiya, ta yi biyayya wata biyu. Ranar Kirsimeti ta shigo da ƙwaryar a hammata, ta zauna a gaba. Malam Ahmadu ya dube ta, ya dubi jama'a, ya buɗe littafinsa ya ci gaba da sujada.

Ba su taɓa zama abokai ba. Amma da idonta ya fara dushewa, shi ne ya riƙa zuwa gidan Gambo da takarda, tana rerawa yana rubutawa, tana tsayar da shi duk inda ya sauya mata kalma.