Ta Fi Ƙarfina

Mahaifiyarmu tela ce. A layin shagunan da take aiki ba mai kiranta da wani suna sai Mai Keke, ita ma kuma takan yi wa kanta tsiya, ta ce tun tana budurwa take taka keke amma har yau bai kai ta ko bakin titi ba. Da ɗinkin nan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da shi ta yi wa Yaya karatu har ya zama injiniyan da yake taƙama da shi yau. Mace ce 'yar ƙarama, mai faɗa, mai dariya da ƙarfi. Kullum akwai tef a wuyanta da guntun alli a bayan kunne, kuma in kika kawo mata salon da bai dace da jikinki ba, a gaban kowa za ta gaya miki, ki ji haushi, ki dawo gobe.

Keken ne ya cinye mata gwiwoyi. Da girma ya zo, sai ta daina taka shi, ta ɗauki mata biyu suna yi mata ɗinki, ita tana zaune a teburi tana yanka. Amma ko rana ɗaya ba ta fashin zuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne gaba ɗaya maganar: a gida Umma tsohuwa ce mai ciwon ƙafa da ake tambaya ko ta sha magani, a shago kuwa ita ce Mai Keke. In aka raba ta da shagon nan, an gama da ita.

Ni ce auta, kuma ni nake kai ta. Ina aiki a wani kantin magani kusa da layinsu, saboda haka kullum da safe tare muke fita a tsohuwar motar Baba. Motar ta tsufa, ƙofa ɗaya ma sai an ɗaga ta take rufuwa, amma tana ƙasa-ƙasa. Umma takan juya mata baya, ta zauna, sannan ta jawo ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya, ba ta neman hannun kowa. Ranar da injin ya buga, bakanike ya ce ko an gyara asara ce, sai Yaya ya ce kada wanda ya damu, shi zai saya wa Umma mota.

Na riga shi zuwa wurin masu sayar da motoci, ni da Umma. Na samo wata ƙaramar jif, ruwan toka, ba ta da tsada, ba ta shan mai, kujerarta daidai ƙugun Umma. Ta juya, ta zauna, ta jawo ƙafa, ta dube ni tana murmushi.

"Auta, wannan kamar an auna ni aka yanka ta."

Muna cikin haka Yaya ya iso. Ko kallon inda muke bai yi ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wata shirgegiyar baƙar jif da aka ajiye a gaba, tayoyinta sun kusa kai ni ƙugu. Dillalin kuwa, irin masu ganin aljihun mutum tun daga nesa, ya bar mu tsaye ya ruga wurinsa.

"Ranka ya daɗe, ka san kaya. Wannan ko dutse ka nuna mata sai ta hau. Rafi, yashi, laka, duk ɗaya ne a wurinta."

Na ce, "Wane rafi ne tsakanin gidanmu da shago?"

Yaya ya ce, "Auta, manya na magana."

Aka ce Umma ta zo ta gwada. Ta tako a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga kai tana kallon kujerar kamar mai kallon saman katanga. Ta ɗora ƙafa a matakin, gwiwa ta ƙi. Yaya ya zagaya ya shiga ciki ya jawo hannunta, ni na sa kafaɗa ta baya na tura. Na ji numfashinta ya sarƙe, na ji yadda ta cije don kada ta yi ƙara. Da ta zauna, ƙafafunta ko ƙasan motar ba su taɓa ba.

Yaya yana ta washe baki. "Umma, yaya kika gani?"

Ta leƙa ƙasa, ta daɗe tana kallon tazarar da za ta sauka. Sannan ta ce, "Babba, wannan ta fi ƙarfina."

Wallahi ina tsaye na ga idon Yaya ya kawo ruwa. Ya kama hannunta da hannu biyu ya ce, "Umma, kada ki ƙara faɗin haka. Muddin ina numfashi babu abin da ya fi ƙarfinki a duniyar nan. Waɗanda ke shiga irinta ba su fi ki da komai ba."

Dillali ya tafa hannu. "Allah ya yi albarka! Ɗa na gari ke nan."

Na ce, "Yaya, gwiwa take nufi! Ƙarfin ƙafa take nufi, ba ƙarfin aljihu ba!"

"Ke ba ki san Umma ba," in ji shi. "Ko ruwa ka miƙa mata sai ta ce ya yi yawa."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Umma ta ƙare rayuwarta tana cewa ya yi yawa, a bar shi, ku ci ni na ƙoshi. Ranar da ta faɗi magana tana nufinta ƙiri-ƙiri, sai aka ɗauka kawaicin nan ne da aka saba.

Ba zan ce Yaya mugu ba ne, ko da yake akwai kwanakin da na so in ce. Na san inda abin ya samo asali. Yana yaro yakan zauna a shago bayan makaranta, ya ga matan masu kuɗi sun tsaya a bakin layi cikin manyan motoci, su sauke gilashi, su aika a kira tela. Umma ta bar aikinta ta fita cikin rana ta tsaya a jikin taga tana karɓar yadi. Abin ya tsaya masa a wuya tun lokacin. To amma shi abin ya tsaya wa. Umma ta karɓi ɗinkinsu, ta tsawwala musu farashi, ta dawo tana kwaikwayon maganarsu muna dariya. Shi ne ke da ramuwa, ya rama da gwiwar tsohuwa.

Aka kawo mota gida, maƙwabta suka fito kallo, aka yi ta sanya alheri. Yaya ya ɗau hoto ya koma gidansa. Washegari da safe ni aka bari da ita.

Na nemo 'yar kujerar katako. Umma ta taka kujera, ta taka mataki, ta kama mariƙin da ke saman ƙofa, ni kuma in sa kafaɗa. Hawa ke nan. Sauka ta fi muni, don nauyinta duka a kan gwiwa ɗaya yake sauka. Ga wani abin da babu wanda ya tuna: layin shagunan matsattse ne. Tsohuwar motar Baba har ƙofar shago take shiga, wannan kuwa ko kanta ba ya shiga. Sai in tsaya a bakin titi, Umma ta sauka a gaban kowa, sannan ta taka har ƙarshen layi tana dafa bango.

Ƙawarta mai sayar da maɓalli da zare, wadda shagonsu ke jere, takan tarbe ta da tsokana. "A'a! Mai Keke an zama mai jirgi. A sauka lafiya, ranki ya daɗe!"

Umma ta rama, su yi dariya. Amma matan da ke mata ɗinki sun gaya min in ta zauna sai ta daɗe tana riƙe da gwiwa kafin ta iya ɗaukar almakashi.

Wata safiya an kwana ana ruwa. Na ajiye kujera a bakin titi, ƙasa ta yi santsi, Umma ta ɗora ƙafa, kujera ta zame. Na kai hannu, ban same ta ba. Ta faɗi a kan gwiwoyinta cikin taɓo, ɗankwali ya yi gefe, zani ya kwance. Layin nan cike yake da mutane, masu buɗe shago, masu jiran mota, har da wata da ta zo karɓar ɗinki. Maza suka kau da kai. Mai maɓalli ta taho da gudu ta yafa mata mayafi. Ba ƙashin da ya karye, ko ƙwarzane na kirki ba ta yi ba. Ta ce in mayar da ita gida ta sake kaya.

Daga ranar sai uzuri ya fara. Yau kanta ke ciwo. Gobe hadari ya haɗu. Jibi ai babu wani yanka mai yawa, matan shago su yi abin da ke ƙasa. Na ce to mu riƙa ɗaukar tasi, ya kai mu har ƙofar shago. Ta ce a'a, ba za a ce ɗanta ya saya mata mota ta bar ta a ƙofar gida ta shiga ta haya ba.

Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. "To ki faɗa masa mana, Umma! Ki buɗe baki ki gaya masa!"

"Na faɗa masa ai. Kina wurin."

"Ki sake faɗa, yadda zai ji!"

Ta gyara bakin zaninta. Can ta ce, "Kin ga fuskarsa ranar nan? Tun yana ƙarami ban taɓa ganin ya yi farin ciki irin haka ba. Ni zan ƙwace masa?"

Na ji haushinta ita ma, ba zan ɓoye ba. Matar da ke gaya wa baƙuwa a gaban jama'a cewa riga ba ta yi mata kyau ba, ta kasa gaya wa ɗan da ta haifa cewa kyautarsa na kashe ta.

Na tafi ofishin Yaya ban ko yi sallama da kyau ba. Yana zaune gaban wani zanen gini. Na zayyana masa komai, kujera, taɓo, zani, ban rage ba. Ya saurara, ransa ya ɓaci ƙwarai, har na fara murna. Sai ya jawo takarda da fensir.

"Matsalar mataki ce. Me ya sa ba ki faɗa tun wuri ba? Zan sa kafinta ya yi mata matakala mai mariƙi."

"Yaya, ƙaramar tana nan, jiya na wuce na gan ta. Ka mayar da wannan a ba mu waccan, har canji za su ba ka."

Ya ajiye fensir. "In mayar? Bayan duk gari ya gani? A ce me, na kasa riƙewa?"

"A ce uwarka tana zuwa shago!"

"Ke, ki iya bakinki. Ai gara ma ta huta. Shekarunta nawa? Ni dama ba na son ganinta a wannan kurkukun shagon, kamar ba ta da mai yi mata."

A nan na gane da bango nake magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Yaya bai taɓa tura Umma cikin motar nan da safe ba, bai taɓa jin yadda jikinta ke rawa a kafaɗarsa ba. Shi dai ya saya, ya biya, an yaba.

Matakalar ta iso kuwa. Katako mai kyau, an shimfiɗa mata kafet ja, ga mariƙi an goge yana ƙyalli. Nauyinta sai ƙarti biyu. Ban san wa Yaya ya zaci zai riƙa sauke ta a bakin titi kullum ba, ko ni ce zan goya ta. Umma ta fito ta shafa katakon, ta yaba aikin kafinta, ta ce haɗinsa ya yi tsaf. Ba ta taɓa ɗora ƙafa a kai ba.

Shago ba ya jiran mai shi. Masu kawo ɗinki don hannun Mai Keke suke zuwa, da suka zo suka tarar ba ta nan, suka sake zuwa suka tarar ba ta nan, sai suka nemi wani wuri. Ɗaya daga cikin matan ta samu aiki a wani shago, ɗayar ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Wata rana da yamma na dawo aiki na samu Umma a baranda, ta ce in gaya wa wanda ya ba ta hayar shagon ya nemi wani ɗan haya. Haka kawai ta faɗa, kamar tana aike na sayen gishiri.

Yaya da kansa ya zo kwasar kaya ranar hutunsa. Ya tsaya a bakin titi, ya kwantar da kujerun baya, aka yi ta jido kaya daga cikin layi: keken, teburin yanka, dogon madubi, buhunan ƙyalle. Mai maɓalli tana tsaye a ƙofar shagonta, ta ƙi amsa gaisuwarsa. Shi bai ma lura ba, hankalinsa na kan yadda zai jera kaya.

Muka iso gida, Umma na zaune a baranda ta miƙe ƙafa. Yaya ya diro, ya ɗaga ƙofar bayan motar, ya ja da baya yana share gumi, fuskar nan fal da jin daɗi.

"Auta, zo ki gani da idonki. Har da teburin, duk a sawu ɗaya! Da waccan 'yar mitsitsiyar taki muka saya, da yanzu muna can muna ta jigila."

Umma ta dubi kayanta a cikin motar, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Sannu da aiki, Babba. Allah ya yi maka albarka. A kai su ɗakin baya."

Ni kuwa na shige ciki na rufe ƙofa, don abin da ke bakina ba irin wanda ake gaya wa yaya a gaban uwa ba ne.