Turaren Aminina da Ƙarar Kunnena

Tun da aka kafa kasuwar Ƙanƙara ba a taɓa yin mai kunne irina ba, ko da yake ni kaɗai ke faɗin haka. Injin niƙa gare ni a bakin kasuwa, kuma nakan ce wa mutanen majalisarmu in bel ɗin inji ya saki a Sabuwa daga nan zan ji, in wani ya yi raɗa da sunana a Faskari kafin ya rufe baki na sani. Suna dariya, ina ƙara gishiri. Malam Edita, kunnen nan da nake taƙama da shi ne ya kusa raba ni da aminina na ƙuruciya.

Abin ya fara da wata siririyar ƙara a kunnen hagu, kamar gyare ya tare a ciki da iyalinsa. Kun san mun taso muna jin wai in kunnenka ya yi ƙara, ana zancenka a wani wuri. To nawa ya ƙi yin shiru. In kashe inji yana nan, in ta da salla yana nan. Na ce lallai gari ya sa ni a baki. Mata masu kawo niƙa in sun yi dariya, da ni suke. In na iso teburin mai shayi aka yi shiru, gulmata na katse. Har maiɗakina na fara tambaya da wa ta tsaya a hanya.

Wata Juma'a da aka sauko masallaci, sai ƙasa ta karkace mini. Masallaci ya kama juyawa, ɓarin kaina na sara, haske na sokar idona, ga amai. Aminin nan nawa, mai sayar da hatsi, shi ya ɗora ni a babur, ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa don kar in faɗo. Juma'a ta zagayo, aka maimaita. Sai na soma lissafi. Al'adarsa ce bayan salla ya fiddo 'yar kwalbar turare ya ɗiga wa kowa a bayan hannu, amma ni sai ya goga mini a gemu da wuyan riga. Me ya sa ni kaɗai? Na yi gwaji, na tafi Yargoje na yi Juma'a a can, na dawo garau. Shi ke nan, na kama ɓarawo.

A gaban majalisa na ce masa na gano abin da ke cikin kwalbar, in injina yake so ya fito fili ya faɗa. Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah, na ce ai kunnena ba ya ƙarya. Shi kuwa aminin nawa ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya tashi. Daga ranar ya daina zama da mu, iyalinsa suka ɗauke niƙansu zuwa wani inji.

Na shiga neman karya sammu, hayaƙi iri-iri har kajin gidanmu suka yi ƙaura, amma jiri sai gaba. Ranar da ya kwashe ni kusa da bel har ya cafke hannun rigata, maiɗakina ta rantse ko asibiti ko gidansu. Likita ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ƙarar kunnen ladan shekarun da na yi cikin rugugin inji ne. Jirin kuma wani irin ciwon ɓarin kai ne mai sa mutum ya kasa tsayuwa daidai, kuma ƙamshi mai ƙarfi, yunwa, rana da rashin barci na tayar da shi. Na tuna duk Juma'a da goro kaɗai nake karyawa, in makara in zauna a rana. A Yargoje kuwa tuwo na ci gidan ƙanwata, na samu inuwa. Turaren yana da hannu, amma mai turaren ba shi da laifi.

Yau ina shan magani, ina toshe kunne in zan ta da inji, ba na wasa da karin kumallo. Gyaren na nan, mun saba, in ya dame ni sai in kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Abin da bai warke ba shi ne kunya. Jama'a, in jiki ya kawo muku abin da ba ku gane ba, ku fara da likita kafin ku ɗora wa maƙwabci. Ciwo na jin magani, amma kalmar da ka jefi masoyi da ita a bainar jama'a ba ta komowa baki.

Da na je rumfarsa neman gafara, ya bar ni a tsaye har ya gama auna wa wata tsohuwa gero. Sannan ya dube ni ya ce, "Na yafe, Sarkin Kunne. Amma kai ma da son girma. Shugaban ƙaramar hukuma ma ba a zancensa safe da yamma, sai kai mai niƙan dawa?"