Sunan da Tani Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya zauna Agege a shekarun baya ya san Malam Badaru mai keken rubutu. Teburinsa na gefen layin dogo, tsakanin mai burodi da mai gyaran rediyo, kuma idan jirgi zai wuce sai ya ɗora gwiwar hannu a kan takardu har ƙasa ta daina rawa. Wasiƙa yake bugawa, amma abin da ya fi tara masa jama'a shi ne tambayoyi. Mutumin Maraɗi zai zo ya ce kwana nawa doka ta ba shi kafin ya nemi izinin zama, Badaru ya ce casa'in. Wani ya ce ya auri 'yar Najeriya, ko ya zama ɗan ƙasa? Badaru ya ce a'a, macen da ta auri ɗan ƙasa ita aka buɗe wa wannan ƙofa. Wani kuma ya ce ai ɗansa a Legas aka haife shi, sai Badaru ya girgiza kai ya ce haihuwa kaɗai ba ta isa, sai an duba iyaye ko kakanni. Bai yi karatun lauya ba. Yana da kundin tsarin mulkin 1999 wanda bangonsa ya fita, da kuma baki.

A 2001 wani attajirin goro ya ba shi kujerar Makka. Wajen tantance maniyyata aka ga sunan mahaifinsa, Amadou, mutumin Damagaram, sai aka ajiye takardarsa gefe. Badaru bai ruɗe ba, domin ya san amsar tun kafin a yi tambayar: an haife shi a Agege kafin samun 'yanci, uwarsa kuwa haifaffiyar Kankiya ce. Jami'ar da ke tantancewa, wata Bayarabiya mai tabarau, ta ce to ya kawo uwar ta tabbatar da bakinta kafin Alhamis, ranar rufe jerin sunaye.

A nan iliminsa ya ƙare. Badaru ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kuma uwarsa Tani, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba cikin shekara arba'in da bakwai. Idan ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Idan za ta aika masa tuwo, sai ta ce a kai wa mai keken nan.

Ran Talata suka hau motar danfo, ita a gaba shi a can baya. Jami'ar ta gaishe ta da Yarbanci, Tani ta amsa tiryan-tiryan, har suka taɓa hirar ciwon gwiwa. Sannan aka zo kan magana.

"Mama, wannan ɗanki ne?"

Tani ta ja mayafi ta ce, "Ɗan kakarsa ne."

"Yaya sunansa?"

"Ku tambaye shi, ai yana da baki."

Badaru ya shiga bayanin al'ada, ya haɗa Hausa da Yarbanci da Turanci. Jami'ar ta saurare shi tsaf, ta ce ita ba ta ƙaryata shi ba, amma ba za ta rubuta abin da ba a faɗa ba. Gaskiyarta ce. Da wani ne ya kawo wannan matsala teburinsa, da amsar da zai ba shi ke nan.

Bai roƙi uwarsa ba, don bai san ta inda ake fara irin wannan roƙo ba. Ran Laraba ya buɗe teburinsa kamar kullum, ya buga wasiƙa huɗu, ya ɓata biyu. Ya ji haushinta, ya kuma ji kunyar jin haushin.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Tani tsaye a bakin layin dogo da mayafinta na zuwa biki. Ba ta dube shi ba. Ta ce wa mai burodi, "Ka ce masa ya tashi mu tafi."

A ofis ba ta jira tambaya ba. Ta kafa ido a kan fankar da ke juyawa a sama, ta ce da Hausa, "Badaru. Ni na haife shi, ranar Lahadi, da damina." Sannan ta maimaita da Yarbanci don kada a sake sa ta.

Jami'ar ta rubuta, ta buga hatimi, ta miƙo masa biro ya sa hannu. Mutumin da ya cika wa ɗaruruwan mutane takardu ya tsaya yana neman layin, sai da ta nuna masa da yatsa.

Ya yi aikin hajjinsa ya dawo teburinsa, Tani kuma ta koma ce masa mai keken nan har ta rasu bayan shekara guda. Idan aka tambaye shi me ya fi tunawa a tafiyar, yakan ce Arfa, domin ita mutane ke son ji. Matarsa kaɗai ya taɓa faɗa wa cewa bai san ranar Lahadi aka haife shi ba sai a ofishin nan.