Tukunyar Baƙo da Koren Ruwa

A cikin duk abubuwan da suka same ni tun da na fara aikin koyarwa, akwai guda ɗaya da na san ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Ya faru ne a wani ƙauyen masunta da ke bakin tafki, gaba kaɗan da Warra, inda aka fara tura ni aiki ina saurayi.

An sauke ni a gidan wani masunci. Mahaifiyarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inna, ita ta ɗauki nauyin cikina. Tana da faɗa, tana kuma da tsokana. Kullum sai ta dube ni ta ce, "Wanga malami, ƙashi da rai! Halan ba a ba ku abinci makarantar da kunka yi?"

A gidan suna da wata al'ada. In an gyara kifi, sai a ware hanta da ƙwai da kitsen ciki, a dafa su daban a ƙaramar tukunya da barkono. Wannan tukunyar ta baƙo ce shi kaɗai. 'Yan gida ba sa taɓawa, mai dafawar ma ba ta ɗanɗanawa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban taɓa barin ko romo ba.

Da bazarar shekarar ta tsananta, ruwa ya ja baya, sai lungun tafkin da ke bayan ƙauyen ya koma kore shar, kamar an zuba fenti. Gansakuka ce ta rufe shi, ga wani wari-wari. Amma kifin nan karfasa ta taru a wurin jingim, ba ta ko gudu sosai, saboda haka masunta suka yi ta murna. Wani ya yi maganar warin, aka ce masa ai wuta tana kashe komai. Ni da na je makaranta ma haka na ɗauka.

Bayan 'yan kwanaki ina cin tukunyata, sai amai da gudawa suka kama ni a cikin aji. Gefen cikina na dama ya riƙe, fitsarina ya yi duhu, idanuna suka yi ɗorawa. Aka kwashe ni a mota zuwa asibiti a Yauri.

Yayana ya iso a fusace. Da ya ji cewa ni kaɗai na kwanta, kuma ni kaɗai ake dafa wa tukunyar da mai dafawar ba ta ci, shi ke nan, ya gama shari'a. Inna ta biyo mu da kwanon kunu, ya tare ta a bakin ɗaki, a gaban mutane.

"Mi kinka sa mai cikin abinci?" ya ce. "Don mi ke ba ki ci?"

"Ɗana, tukunyar baƙo ce," in ji ta. "Haka munka taras ana yi."

"Koma da kununki. Ba ya sha."

Ina kwance ana yi mini ƙarin ruwa, ina jin su, ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Kafin ta isa gida maganar ta riga ta, wai tsohuwa ta sa wa malami guba.

Likitan da ya duba ni ya ce hantata ce ta kumbura. Ya yi ta tambaya: me na ci, daga ina aka kamo kifin, yaya launin ruwan yake. Masuncin da nake gidansa, wanda ya rako ni, ya ba shi amsa, ya ƙara da cewa agwagin maƙwabcinsa sun mutu a bakin lungun, har da wani kare da ya sha ruwan. Likita ya gyaɗa kai. Ya ce ba zai rantse ba tunda ba a auna ruwan ba, amma alamun sun haɗu. Ya yi mana bayani cewa koren nan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu. In zafi ya yi yawa, ruwa ya kwanta ba ya gudu, ga takin gonaki ya gangaro ciki, sai su hayayyafa, wasunsu kuma suna fitar da dafi. Karfasa tana cin su, dafin ya taru a hanji da hantarta fiye da tsokarta. Shi ya sa 'yan gida da suka ci tsoka ba su wuce murɗar ciki ba. Ya ce tafasawa ba ta karya irin wannan dafin, kuma harshe ba ya jin sa. A bakin teku ma, in ji shi, ana samun irinsa, wani har leɓe yake kashewa ya tsayar da numfashi.

Jikin yayana ya yi sanyi. Ya je ƙauyen da kansa ya ba da haƙuri a gaban dattawa, aka kuma hana kamun kifi a lungun har ruwan sama ya wanke shi. Sai dai Inna ba ta nan, ta tafi wurin 'yarta a Shanga.

Da na ji sauƙi na bi ta can. Ta karɓe ni da fara'a, ta yi ta hamdala, har ta tsokane ni wai na ƙara ramewa. Ta ce ta yafe wa yayana duniya da lahira. Da hira ta yi nisa na ce, "Inna, yunwa nika ji hwa." Sai ta ƙwala wa 'yarta kira ta zubo mini abinci. Na ce ni daga hannunta nake so.

"A'a, ɗana," ta ce. "Hannuna ya bar ba baƙo abinci."

Na ɗauka fushi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Na ci gaba da ziyartarta har Allah ya karɓi ranta, ko ruwan sha ba ta ƙara miƙo mini ba, kuma hakan yana yi mini ciwo har yau.

Na koyi cewa ba kowace cuta wuta take kashewa ba, kuma in ruwa ya canza launi a bar kifinsa. Amma babban darasin shi ne kada a yi gaggawar ɗora wa mutum laifi kafin a bincika. Hantata ta warke cikin 'yan makonni. Abin da aka faɗa wa Inna a bakin ɗakin nan kuwa, da shi ta tafi.