Yauwa a Kan Kafet ɗin Yaya

Ban taɓa son kare a cikin ɗaki ba. A garinmu kare a tsakar gida yake kwana, ya ci abin da aka rage, in ya matso bakin ƙofa a daka masa tsawa ya koma. Amma a unguwar Old Trafford ta Manchester muke zaune, kuma autarmu ta daɗe tana damun babanta sai ya kawo mata ɗan kwikwiyo. Ranar da ya shigo da shi cikin kwali, ɗan baƙi mai farin ƙirji, maigidan ko takalmi bai cire ba abin ya tsuguna ya yi fitsari a bakin kicin. Na ce to, sannu da zuwa.

Haka muka yi ta fama. Bayan kujera, ƙarƙashin tebur, har kan jakar makaranta. Yara su yi wasa da shi, ni in bi baya da tsumma da bokiti. Da an bar ni da halina, da ni da kaina zan mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Sai yayar maigidana ta zo daga Birmingham. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci tare da wasu matan zumunta da na gayyato cin abinci. Yayar ta cire takalmi, ta taka falo, safarta ta jiƙe sharkaf.

Ta ɗaga ƙafa ta duba, sannan ta dubi matan, ba ni ba.

"Ai ban yi mamaki ba," in ji ta. "Yaran gidan ma ba su iya gaisuwa ba, a tsaye suke ce wa mutum 'hiya' irin ta Turawa. Wadda ta kasa da 'ya'yanta, da kare za ta iya?" Ta juya wajen ƙanenta. "Kai, kafin Kirsimeti ka fitar da abin nan. It's not hygienic."

Ya ce, "To, Yaya."

Autarmu tana zaune a kan matakala. Hausarta ba ta da yawa, amma ta gane "fitar". Ta yi kuka har babanta ya sassauta, ya ce in kare ya daina fitsari a ɗaki kafin Kirsimeti zai zauna, in bai daina ba shi ke nan.

Ni kuwa murmushi na yi, na kawo wa Yaya sabuwar safa, na zuba mata abinci har da ƙarin nama. Amma maganar ta tsaya mini a rai. A gaban matan coci! Ranar na ƙudura abu biyu a raina: karen nan ba zai bar gidana ba, kuma sai na rama.

A asibitin dabbobi aka koya mana yadda ake yi. Da ya tashi daga barci ko ya gama cin abinci, a fitar da shi lambun bayan gida. Da ya fara, a faɗi kalma guda, kullum ita ɗin, sannan a ba shi ɗan abin taunawa. Yara suka zaɓi wata kalmar Turanci, amma yara suna makaranta. Ni ce nake tsaye cikin yayyafin Manchester, da rigar sanyi a kan zane, ina jiran kare ya ga dama. Duk lokacin da ya tsuguna, don daɗi abin da yake fita daga bakina shi ne "Yauwa!" Ban zaɓe ta ba, ita ta zo da kanta.

Ya kuwa koya. Ɗaki ya bushe, na ajiye bokiti. Sai wata rana da yamma maigidan yana waya da mutanen gida, yana ta "Yauwa, yauwa." Kare ya miƙe daga inda yake kwance, ya dube shi, ya tsuguna a tsakiyar falo, ya gama, ya zo yana kaɗa wutsiya a ba shi ladansa. Maigidan ya ce, "Kin gani ko? Bai horu ba." Ni kuwa na gane abin da ya faru, kuma ban gaya masa ba. Cewa na yi ya riƙa amsa waya a sama, ƙarar tana firgita kare.

Kowa a dangi ya san Yaya da kalmar nan. A miƙa mata ruwa, yauwa. A gyara mata matashi, yauwa. In kuwa aka durƙusa mata, sai ta ja ta da tsawo tana gyaɗa kai.

A gidanta na unguwar Aston, can Birmingham, za a yi Kirsimeti a shekarar, kuma ta shimfiɗa sabon kafet mai launin madara wanda ta cika wayoyinmu da hotunansa. Na ce da kare za mu je, ta gani da idonta ko ya horu. Duk makon na zauna da autarmu ina koya mata durƙuso da gaisuwa har ta iya. A hanya da muka tsaya hutawa na cika wa kare kwano da ruwa, ya shanye, na ƙara masa. Maigidan ya ce ko ya ɗan zagaya da shi. Na ce sanyi ya yi yawa, bari dai mu isa.

Falon cike yake da mutanen cocinta. Autarmu ta shiga riƙe da igiyar kare, ta je gaban kujerar Yaya ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

Fuskar Yaya ta washe. Ta dubi baƙinta ta ga ko sun ji. "Yauwaaa! Haka ake yi."

Kare ya ɗaga kunne. Ya tsuguna. Ban san ɗan cikinsa yana ɗaukar ruwa haka ba, ya yi ta yi, falo ya yi tsit sai ƙarar abin a kan kafet.

"Ka gani? Ka gani?" Yaya ta miƙe tana nuna ƙanenta. "I told you! Yau ɗin nan zai tafi!"

Maigidan ya fizge igiyar, yarinya ta fashe da kuka. Na bari sai da hayaniya ta lafa.

"Yaya, ki yi haƙuri," na ce, "amma ke kika sa shi."

"Ni? Are you serious?"

"Umarninsa ke nan. Ku zo ku gani."

Aka bi ni ƙofar baya. Na saki kare a kan ciyawa, ya yi ta sansane-sansane bai yi komai ba. Na ce Yaya ta sake faɗa, ta ƙi. Wata ƙawarta ta ce bari ita ta gwada. Tana cewa "Yauwa" sai kare ya tsuguna, ya matso 'yan ɗigon da suka rage masa, ya ɗago yana jiran lada. Mutane suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce wa maigidana, "Kar ka kuskura ka ba da shi. Ya fi 'ya'yana jin magana."

Na durƙusa na tsane kafet da hannuna, ina ta ba da haƙuri, raina fari ƙal. Duk yinin nan in an miƙa wa Yaya abu sai ta fara "Yau", ta dubi kare, ta haɗiye sauran.

A hanyar komawa Manchester maigidan ne ke tuƙi. Yara na baya, kare na barci a cinyar autarmu.

"Da gangan kika ba shi ruwan nan," in ji shi.

"Ƙishirwa yake ji."

Na ga kumatunsa suna motsi, yana danne dariya. "Zai zauna. Amma ke za ki kira ta gobe."

Na kira ta. Na gaishe ta da gajiya, na yaba girkinta, sannan na tambaya ko tabon ya fita. Ta ce bai fita ba, ta sa har an kawo injin wanke kafet, yana nan. Na ce Allah sarki. Na ajiye waya, na shiga kicin na dafa wa kare hanta.